Ba Giya Na Sha Ba Ranar Da Na Turo Muku Saƙon Nan

'Yan gurup ɗin golf, Ayuba ne. Ina da rai. Na san an daɗe ba a ji ni ba, kuma na karanta duk abin da aka rubuta a kaina.

Ga sababbin shiga: tun ina saurayi na yi aikin ɗaukar jakar masu buga golf a ƙetaren kogi, a can na san wasan. Yanzu ina sayar da caja da kwandon waya a Kakuri. Kowane mako nakan faɗi 'yan wasan da nake ganin za su taɓuka a ƙananan gasanni, waɗanda ko talabijin ba ya nunawa, domin masu saka kuɗi da masu wasan fantasi, wato haɗa tawagar 'yan wasa a waya don tara maki.

Ciwon kai ne ya fara, a ƙeya. Na ce rana ce da hayaƙin keke napep. Na yi ta shan farasitamol.

Wata Laraba da safe ina shago, na ɗauki waya zan naɗa muku murya kan gasar da za a fara washegari. Zan ce ɗan Suwidin, sai harshena ya ƙi juyawa. Na sake gwadawa. Ni a kunnena daidai nake magana, sai na tura. Daga nan wayar ta suɓuce daga hannuna na dama, na kasa ɗauka.

Matata Saratu ta kawo mini koko, ta tsaya ta dube ni.

"Baban Godiya, yi mini murmushi."

Na yi. Ta ajiye kofin, ta fita titi da gudu tana kiran mai keke.

A asibitin farko suka gwada hawan jinina, nas ta sake gwadawa da wata na'ura don ba ta yarda da ta farkon ba. Suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma injin hoton ƙwaƙwalwarsu ya lalace. Muka nufi wani. Can kuma sai an biya kafin a taɓa ni. Ina kwance a benci, miyau na zuba a rigata, ina jin Saratu a waya tana roƙon yayanta na Gonin Gora ya sayi injin niƙanta ko nawa ne.

Injin da muke cin abinci da shi ke nan.

A daidai wannan lokacin, saƙona yana yawo. An sa masa kiɗa. An rubuta "Oga Ayuba ya sha burkutu da sassafe." Wasu suka ji kamar ɗan Sifen na ce, suka zuba kuɗi a kansa, ko rabin gasar bai kai ba aka sallame shi. Sai zagi. Wai na haɗa baki da kamfanin caca. Wai na gudu ƙauye.

Mutum nawa ne a gurup ɗin nan? Ba wanda ya ce, anya mutumin nan lafiya yake?

Wannan ya fi allurai yi mini zafi.

Zaman asibiti kuwa, ba na yi wa maƙiyina fata. Gwajin jini safe da yamma. A rubuta magani, a je kantin asibiti a ce babu, sai waje. Safar hannu ma mu ke saya. Ina so in ce ruwa, sai in ji na ce wata kalma dabam, ɗiyata Godiya tana ta miƙo mini abin da ban nema ba, har na ture kwano don haushi. Ta fita waje ta yi kuka. Na ji tsoron haka zan ƙare, mai baki amma ba magana.

Likita ta ce mini, "Malam Ayuba, wannan jinin ya yi shekaru yana hawa. Da matarka ta tsaya shafa maka mai a gida, da wani zancen ake yi."

Mutum ɗaya daga gurup ya zo duba ni, Danjuma. Ya kawo lemo, ya yi addu'a mai kyau. Da zai tafi ya sunkuyo kunnena.

"Oga, ko da hannun hagu ne, rubuta mini suna ɗaya na wannan makon."

Saratu ta miƙa masa ledar lemonsa, ta nuna masa ƙofa.

Da aka sallame ni aka shiga gashi, wato motsa jiki don gaɓoɓi su dawo aiki. Ɗaga cokali, sa maɓalli, taka ƙafa daga gado zuwa ƙofa. Wasu ranakun nakan ƙi tashi, in ce a bar ni. Saratu ba ta lallashi. Takan ce, "Ka gama fushin, sannan ka tashi." Haka nake tashi.

Yanzu ina tafiya ba sanda. Maganata ta dawo, sai dai idan na gaji takan ja. Da babban yatsan hagu na rubuta wannan, ya ci mini yini.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa zumuntar matan cocinmu da suka yi ta kawo tuwo, da maƙwabcina mai gyaran takalmi da ya riƙa buɗe mini shago, da ma'aikatan gashi da suka jure masifata.

Ku gwada jininku, ko a kemis ne, ko kuna jin ƙalau. Idan an ɗora ku a kan magani, kada ku daina don kun ji sauƙi. Idan bakin mutum ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta rikice, asibiti kai tsaye.

Batun golf kuma, zan ci gaba da kallo, amma na daina ba da suna. Wanda ya ga dama ya fita daga gurup.

Ranar Lahadi an ba ni karatun Zabura a coci. Na yi tuntuɓe a aya ta uku, jama'a suka jira ni, na kai ƙarshe.