Tiyon da Na Ƙi Canzawa Ya Raba Mahaifiyata da Ɗakinta

A lokacin da abin nan ya faru, ni kafinta ne a Ƙwanni, matashi mai ji da kansa, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Ina roƙon mujallarku ta sakaya sunana, ko da yake na san ƴan unguwarmu za su gane ni tun ban yi nisa ba. Shagona a jikin gidanmu na gado yake, inda zauren marigayi mahaifina yake a da. Gadaje da kabad na amare nake yi, kuma aiki ya fi kama ni bayan kaka, in manoman Tsarnawa da Bazaga sun sayar da wake sun shiga shirin biki. Abin da na fi tinƙaho da shi kuwa injin zuƙe ƙura ne da na haɗa da hannuna. Na tsinci wata tsohuwar fanka a wajen ƴan gwangwan, na ɗaura mata tiyon ban ruwa irin na masu lambun albasa, na huda bango na zura shi, ya bi ta lungu ya faɗa cikin wani duro a bayan gida. Lungun nan a ƙarƙashin tagar ɗakin mahaifiyata yake.

Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce masu alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana da magana da ni, sai ta dubi ƙanwata ko matata ta ce a gaya wa mai shago kaza, alhali ga ni tsaye a tsakar gida ina ji. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yabona, ba ta yi mini faɗa. Na saba da haka har na daina ɗaukar saƙonninta da nauyi.

Tiyon nan tun farko ya yi wa aikin kaɗan. Siriri ne, garin katako na toshe shi, sai na fita lungu da sanda ina jibgarsa har ya buɗe. Rana ta gasa shi, ya fara tsagewa, duk inda ya tsage na yanko robar tib ɗin babur na naɗe. Wani abokina direban kamyo, wato babbar motar kaya, wanda ke ɗaukar siminti daga Malbaza, ya ga wahalar da nake sha, sai ya zo mini da tiyo na ainihi daga Sakkwato, mai faɗi, mai waya a ciki. Da a shago ya ba ni, da tuni na sa. Amma a fada, majalisar da muke hira da abokai, ya miƙo mini shi, ana tsakiyar shan shayi, yana cewa nawa ya fi mai karaya shan ɗauri, gara in yi masa sallah in binne. Kowa ya fashe da dariya. Na yi yaƙe na karɓa, zuciyata na tafasa. Na kai shi shago na rataye a ƙusa, na ƙudura a raina sai na nuna musu cewa abin da na haɗa ba ya neman taimakon kowa.

Daga nan na rasa sukuni. Kullum na buɗe shago sai idona ya faɗa kan sabon tiyon. In ce yau zan sa, in tuna sai na faɗaɗa ramin bango, sai na rufe shago rabin yini, ga gadon amarya ana jira, ga direban nan zai wuce ya leƙo ya gani. Sai in ce gobe. Na sauke shi ya fi a ƙirga, na auna bakinsa da na injin, na mayar. Kowa na ganin mutum ne mai himma, ni kuwa na san taurin kai ne kawai da gudun a ce an fi ni gaskiya.

Ana haka saƙonni suka fara fitowa daga cikin gida. Mahaifiyata ta ce wa matata a tambayi mai shago ko aikin ne ya yi yawa kwanan nan. Na ce a gaya mata alhamdulillahi, kasuwa ta buɗe. Ta daina shanya kuɓewa a bayan ɗaki. Ta toshe tagarta da buhu a tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman inda iska za ta shigo. Sai tari ya biyo baya, busasshe, marar ƙarewa. Na ce mura ce, na sayo mata maganin tari a kanti na aika. Ƙanwata, wadda ke aure a Bazaga, ta zo ganin gida, ita ba ta da alkunyar da za ta yi mini. Ta tare ni a tsakar gida ta ce ƙurar shagona ce ke kashe Inna, in je lungu in duba da idona. Na harzuƙa, na ɗaga murya na ce ƙurar da ake rainawa ita ke ɗora tukunya a gidan nan, wanda ba ya so ya nemo wata. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take. Tun daga ranar ba ta sake aiko mini da saƙo ba, ni kuma don wauta na ɗauka ta samu sauƙi ne.

Ranar da asirin ya tonu, ina goge irin allunan nan na zamani da ake matsewa da gam, waɗanda ƙurarsu ta fi garin tuwo laushi. Bayan azahar matata ta shigo shago ba ko mayafi, ta kashe injin da kanta, ta ce Inna ba ta iya numfashi. Na daɗe rabona da shiga ɗakinta, iyakata bakin ƙofa in gaishe ta. Na same ta dafe da tabarmar sallah tana jan iska da ƙyar. Abin da na gani a ɗakin har yau bai bar idona ba. Kwanonin jerenta, gidan sauronta, jakar Alƙur'anin mahaifina, duk sun yi fari fat. Buhun da ta toshe taga da shi ya yi nauyi da garin katako. Daidai ƙarƙashin tagar ne tiyon ya fi tsagewa, duk dukan da nake yi masa da sanda, cikin ɗakinta nake turo ƙurar.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likita ya tambaya ko a injin niƙa take aiki, ko tana girki a rufaffen ɗaki. Ƙanwata ta juyo ta zuba mini ido, na sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa, da ɗan numfashin da ya rage mata, ta ce babu komai, tsufa ne. Na tsani kaina a wannan lokaci. Na buɗe baki na faɗa wa likita gaskiya. Ya ce za ta tashi in Allah ya so, amma ƙirjin ya riga ya taɓu, kada ta ƙara zama inda ake ƙura ko kaɗan.

Tun tana kwance na sauke sabon tiyon na sa. Na fara da hantsi, kafin a kira azahar na gama, har na ɗauke duron na mayar da shi bakin titi. Aikin da na yi ta gudu ke nan. Muka wanke ɗakin, aka sallamo ta, amma ko ƙamshin katako ta shaƙa sai tari ya sarƙe ta. Na ce zan tashi shagon. Ta ce wa matata a gaya wa mai shago kada ya kuskura ya bar zauren ubansa. Ƙanwata ta zo da mota ta ɗauke ta zuwa Bazaga, daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Da za su tashi, na durƙusa a jikin ƙofar motar. Sai ta ɗago ta dube ni, ido da ido, karo na farko a sanina, ta ce in riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in ina aiki, don ta daɗe tana jin tarina ta bango.

Tana nan da rai, nakan je in gaishe ta, ta kuma ce ta yafe. Ni ne na kasa yafe wa kaina. Na gane cewa wanda ya fi ƙaunarka shi zai fi jure cutarwarka bai ce uffan ba, kuma shirunsa ba lafiya ba ce. Ƴan uwana kafintoci, masu injin niƙa, masu walda, duk mai shago a jikin gida: ku zagaya bayan bango ku ga wa ke shaƙar abin da kuke fitarwa. In kayan aiki ya gaji ku canza shi, ko da wanda ya ba ku shawarar da dariya ya haɗa. Yau lungunmu tsaf yake, ba ƙura ko ɗis. Kullum da safe nakan shiga in buɗe tagar ɗakin Inna iska ta shiga, in fito in ja ƙofa.