Ƙofofin Motata

Motata ta girmi babban ɗana, kuma da ita nake ci da gida. Ina ɗaukar fasinja daga Gusau zuwa Tsafe, wani lokaci Bungudu idan layi ya yi tsawo. Injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Ƙofofin ne suka lalace daga ciki. Damina bayan damina ruwa na bi ta gefen gilashi, har kwalin da ke rufe ƙarfen ya jiƙe ya ruɓe, ledar da ke kansa ta ɗaye tana lilo. Ranar da wani ƙarfe ya yage wa wata Hajiya mayafi, shugaban tasharmu ya kira ni gaban mutane ya ce ko in gyara, ko in bar layi. Nasa motocin ba su fi tawa kyau ba, amma shi ne shugaba.

Ba ni da halin sayen sababbi. Sai aka kwatanta mini wani mai gyaran kujerun mota a bayan kasuwa, mutumin kudu ne, Kirista, amma a Gusau ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya duba ya ce zai yanka katakon silin a madadin kwalin, ya shimfiɗa siririn soso, ya rufe da ledar wata tsohuwar kujera da ke jibge a rumfarsa. Na yarda. Ina zaune ya cire tsofaffin, ya ɗora su kan katako ya zana, ya huda gurbin hannun ƙofa da na abin murɗa gilashi. Ranar Juma'a ce. Da aka yi kiran salla ya ce, "Malam direba, je ka yi sallarka, ba za ta gudu ba." Na tafi. Kafin in dawo ya rufe duka huɗun, warin gam na tashi.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Kyawun ne ma ya fara damuna.

Washegari na yi lodi zuwa Tsafe. Wani dattijo mutumin Bilbis ya zauna gaba. Muna fita gari ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.

"Direba, mi ka zuba cikin wagga ƙofa?"

"Mi zan zuba, Baba? Gyara aka yi."

"Gabanka aka ruhe ta?"

Na tuna ina masallaci aka rufe ta. Ya ce shi dai ya san ƙofar mota da ƙarar gwangwani, wannan kuwa cike take. Daga baya wani ya ɗauko labarin direban da aka tsare a shinge, aka ɓalle ƙofarsa aka tarar da harsasai da ƙwayoyi na mutanen daji, yana rantsuwa bai san da su ba. Har yau, in ji shi, iyalinsa ba su gan shi ba.

Duk wanda ke bin hanyar nan ya san haka ake yi. Sai a cusa kaya a motar wanda bai sani ba, a can gaba wani ya tare shi ya kwashe. In an kama, direba aka kama. Na fara lissafi a raina. Me ya sa mutumin nan ya yi mini sauƙi haka? Me ya sa ya matsa in tafi masallaci? Kuma sai da ya tambaye ni wace hanya na fi bi. Na buɗe ƙofata kaɗan muna tafiya, na ja ta. Ta yi nauyi. Wallahi ta yi nauyi.

Ga shinge yana gabanmu, bai fi tafiyar ɗan lokaci ba. Tsohuwar mota da sababbin ƙofofi, ai ko ni ne mai binciken sai na ce a buɗe.

Na gangara gefen titi kusa da wata gonar dawa, na ce kowa ya sauka. Wata mata ta ce, "A nan? Kana da hankali kuwa?" Na ɗauko sukudireba na soka a gefen ƙofar dattijon na ɓanɓare. Katakon ya tsage biyu. A ciki akwai tsofaffin buhunan siminti a ninke, da guntayen soso, da faffaɗar leda manne a jikin ƙarfe. Na zazzage buhunan ɗaya bayan ɗaya. Ƙura kawai. Dattijon ya ce, "To, sauran ukun fa?" Na ɓalle su su ma. Muka wuce shingen da ƙofofi tsirara, mai binciken ya leƙo ya yi dariya ya ce mu tafi.

Da yamma na kai wa mai gyaran tarkacensa. Ya riƙe baki.

"Buhun nan don kada ƙofa ta riƙa ƙara ne, ledar kuma ta tare ruwa. Malam direba, bam ka zata na sa maka?"

"Ka faɗa mini ka sa?"

"Wa ke faɗa wa mai mota irin wannan?"

Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifina ba. Ba shi za a ɗaure ba. Na ce ya sake, a kan idona, ba gam, da sukurori a waje yadda zan kwance da kaina duk sanda raina bai kwanta ba. Ya yi uku yana tsaki. Da ya zo ta huɗu, tawa ta direba, katakon ya ƙare, ya ce in bar motar ya sayo da safe. Na karɓi makullina.

Haka take har yanzu, ƙarfe zalla. Fasinja ba ya zama nan, saboda haka ba wanda ya isa ya yi magana. Da rana tana ƙona mini gwiwa, amma ina ganin cikinta.