Faya-fayan Sai-Ya-Sauka

A layin masu gyaran takalma, Sai-Ya-Sauka ake kiransa. Duk sabon wasan bidiyon da ya fito, zai je ya juya kwalinsa gaba da baya, ya ji farashi, ya mayar ya ce, "Sai ya sauka." Kuma jiran yake yi, ko da shekara biyar ce. Mutum ne da ba a taɓa cinsa a ciniki ba, ni ma shaida ne.

Kowace Asabar yana gaban teburin mai gwanjo. Faifan da ya karce, wanda kowa ya raina, shi yake ɗauka. Ya zo gida ya goge shi da man goge baki da tsumma, ya sa a tsohuwar na'urarsa, ya ga ya tashi, ya kashe. Shi ke nan. Ba ya bugawa, don takalman mutane na jiransa. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya ajiye basilla, ya zauna ya buga wasannin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

"Maigida, kai tarawa kake ko kiwo?" matarsa kan tsokane shi. "Ko jira kake su haihu?"

"Lokaci na zuwa," in ji shi.

Shekara ashirin da biyu yana wannan abu, faya-fayai suka cinye kantar da aka yi don kwanuka. Duk tsawon lokacin manyan yatsunsa biyu ne ke tura basilla cikin fata da roba. Suka fara ciwo, ya shafa man zafi. Suka kumbura, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Ranar da basilla ta suɓuce masa sau uku a kan takalmi ɗaya, ya miƙa wa maƙwabcinsa aikin, ya rufe rumfa.

Washegari da hantsi ya yi wanka, ya sa riga mai kyau kamar mai zuwa biki, ya kunna na'ura. Ɗan mutumin wasan da ke cikin allon talabijin ya tsaya a bakin rami yana jiran a sa shi tsalle. Sai-Ya-Sauka ya danna rimot, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada da manuni, ya gwada da tafin hannu. Sau goma sha ɗaya mutumin yana faɗawa ramin. Abin ya ba matarsa tausayi, tsokanar ma ta kasa fitowa.

"Kawo in riƙe maka, kai ka riƙa faɗa min," ta ce.

Ta karɓa, ya ce danna nan, ta danna. Mutumin ya tsallake tun karon farko. Ta juyo da murna, sai ta ga maigidan ba allon yake kallo ba. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa yana kuka.

"Ci gaba," ya ce mata. "Ki dai riƙa gaya min abin da ke gaba."