Ranar da Na Miƙa wa Ɗan Farina Hannu

Bana shekara goma ke nan da muka rufe ɗana na fari a Doguwa. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min magana.

A Zariya yake aiki, yana leƙen jini a madubin likita. Wata damina ya zo gida da kwalabe da allurai, yana roƙon a ba shi jini kaɗan-kaɗan. Kafin kasuwa ta sake ci, zance ya kai har rugage, wai ɗan Hajara sayar da jinin mutane yake. Mai kawo mana nono ta ɗauke ƙafa. A masallaci aka fara matsawa daga kusa da shi.

Na kira shi ɗaki. "Kai, me kake yi da jinin mutane? Kada ka yi min Turanci."

"Inna, akwai wasu ƙwayoyi a jini, su ne dakarun jiki. A fatarsu akwai wuraren da ke kama wani irin sukari, da su suke gane baƙon abu. In ƙwayar ta haɗiye shi, sai wuraren su sauya. Kamar ki ƙulle goro a bakin zane, adon wurin ai ya shige ciki. Wannan sauyin nake bi."

"To in ka bi, wa zai warke?"

"Yanzu dai babu. Wataƙila jikokinki."

Da ya ce min gobe za a warke, da na san ƙarya yake.

Kowa ya san uwa ba ta shiga zancen ɗan fari, ba ta ma kama sunansa. Duk da haka washegari na yafa mayafi, na je ƙofar mai unguwa inda ɗan nawa yake zaune da kwalabensa, na miƙa masa hannu a gaban jama'a. Ya ɗauko allura, ya tsaya yana kallona. Na ce, "Soka mana, ko sai na koya maka?" Aka kwashe da dariya. Mai nonon ce ta fara biyo bayana.

Bai gama aikin ba mota ta kife da su a hanyar Tudun Wada. Yanzu in na ga mata a layin asibiti ana ɗibar jininsu, har da mai cewa a yi sauri ta bar tuwo a wuta, nakan ce da yana nan da ya yi dariyar nan tasa ta rufe baki. Ko bincikensa ya warkar da wani, ban sani ba. Na dai san ba wanda ya ƙara ɓata masa suna.

Ni kaɗai ce ban taɓa faɗar sunan ba. Sa'idu. A rubuta shi da kyau. Allah Ya ji ƙansa.