Fom Ɗin Malamina Da Na Kulle A Durowa

Edita, ina yi maka sallama. A ƙarshen shekarun tamanin ni malamin firamare ne mai shaidar Giredi Tu, a wani ƙauye kusa da Ruwan Bago. Ina da ƙuruciya da son girma, amma ban iya koyarwa ba. Wanda ya iya shi ne dattijon da ke riƙe da aji ɗaya, wanda ni ma shi ya koya mini baƙi da wasali. Ba shi da wata takarda ta kirki, amma yaro ya yi shekara a gabansa sai ya karanta wa ubansa wasiƙa.

Da aka fara cewa nan gaba za a sallami duk wanda ba shi da babbar shaidar malanta, sai na shiga karatun neman shaidar da ake yi lokacin hutu a Kano. Ranar da aka turo mai duba koyarwata, dattijon ya ara mini ajinsa. Yara suka yi ta ɗaga hannu, mai dubawa ya yi ta rubuta yabo. Da wannan shaidar na zama hedimasta.

Bayan nan ya kawo mini fom ɗinsa na neman tafiya ƙaro karatu. Yana dariya ya ce yau ga shi yana jiran sa hannun yaron da ya sha share wa majina. Na ce Baba ya bar mini, zan kai ofishin ilimi a Karaye da kaina. Yana fita na kulle fom ɗin a durowa. Na san in ya tafi shekara biyu asirin makarantar zai tonu, nawa ma haka. Duk lokacin da ya tambaya sai in ce ofis ba su duba ba, shi kuma ya ce Allah ya sa mu ji alheri. Damina biyu ta wuce a haka.

Da aka aiko neman sunayen marasa shaida, da hannuna na rubuta nasa. Ya je Karaye jin bahasi, aka gaya masa fom ɗinsa bai taɓa zuwa ba. Ya dawo ya miƙa mini ragowar allinsa, ya ce shi ba shi da ƙorafi a kan doka, don karatun ya so yi. Bai sake tako makarantar ba har ya rasu. Aji ɗaya ya koma hannun mai takarda irina, kuma 'yar cikina ta kai aji biyar tana kwafar allo ba ta san abin da ta rubuta ba.

Yanzu ina jin ana batun sake tsarin horar da malamai a jami'o'i da ɗaga sharaɗin shaida. Ban ƙi ba. Amma masu dokar su sani, sa hannun irinmu ne ke zaɓar wanda zai je karatun. Kai da aka ba wa durowa da makulli, ka ji tsoron Allah. Ni na je neman gafara wurin babban ɗansa, ya ce mini ba shi na yi wa laifi ba.