Gangar Kawu a Cikin Kwamfuta

Kwamfutar da na fara koyon haɗa kiɗa da ita daga Maraɗi ta fito. Wani ɗan kasuwa da ke kai kaya Nijar ya zo mini da ita har Sabon Birni, ya rantse cewa manhajar kiɗan da ke cikinta babu irinta. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya mini komai nata da Faransanci yake ba. Ni kuwa Faransancina bai wuce na gaisuwa da tambayar farashi ba. Haka na koye ta da lalube: in danna nan in ji abin da zai faru, in ya ɓaci in kashe in sake kunnawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sabuntawa. Da zarar hannuna ya saba da wuri, sai saƙo ya fito wai akwai sabon salo. Sabis ɗinmu ba ya zama, sai in hau babur in nufi inda ake kama na Nijar, in tsugunna gindin bishiya ina gadin waya har abin ya gama sauka. In dawo gida in buɗe, in tarar maɓallin da na sani a dama ya koma hagu, wani ma ya ɓace ɗungurungum. Na sha zagin mutanen da ban taɓa gani ba. Amma gaskiya, duk sabuntawar da ta zo sai na tsinci wani abu a ciki da ya sauƙaƙa mini aiki, shi ya sa ban taɓa iya ƙyale ta ba.

Waƙoƙin biki nake haɗa wa matasa, da tallar masu shaguna. Ban taɓa kawo wa raina cewa kawuna, yayan mahaifiyata, zai shigo ɗakin nan ba. Makaɗin noma ne, a wajen Tsamaye yake zaune. Idan aka kira gayya, wato mutanen gari suka taru don su nome gonar mutum ɗaya, shi ke rataya ganga ya bi bayan manoma, su suna huɗa shi yana kiɗa. Tun ina ƙarami na san in babu gangarsa, gayya ba ta cika ba. Sai ƙafafu suka ƙi, kafaɗa ma ta daina ɗaukar ganga na dogon lokaci. Damina biyu aka yi gayya shiru, shi kuma yana zaune a zaure yana jin labari. Mahaifiyata ta ce ya rame, kuma ba ciwon ne ya ramar da shi ba.

Sarkin noman garinsu ne ya kawo shawarar a ɗauki kiɗan a na'ura, a riƙa sa shi a lasifika. Kawu ya fara ƙi, daga baya ya yarda. Wata safiya ɗansa, taubashina, ya ɗauko shi a babur. Muka jingina shi da bango, na kafa makirufo, ya rufe ido ya kama kiɗa bai tsaya ba har rana ta ɗaga. Daga baya na ji kafaɗar ta kwantar da shi kwana da kwanaki.

Ni ne na yi karambanin nuna masa allon. A manhajar akwai layuka a tsaye, tazararsu ɗaya, kuma kowane bugu yana fitowa a jikinsu. Na kawu sai ya tafi daidai da layi, can ya fara ja da baya, ya yi sanyi, sannan ya dawo. Ya tambayi abin da hakan ke nufi, na gaya masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Mutum ne da ke alfahari da cewa hannunsa bai taɓa karkacewa ba.

Ya ce, “Tsufa na. Da can ba haka nike ba. In abin naka na iya gyarawa, gyara min, kar a ji kunyata.”

A lokacin ban iya ba, sai dai in bi bugu ɗaya bayan ɗaya. Cikin sa'a, ko in ce rashin sa'a, makon nan wata sabuntawa ta sauka, da maɓalli guda da ke jawo kowane bugu ya ɗora shi kan layi. Na danna, kiɗa ya miƙe sambal. Da na kai wa kawu ya ji, har dariya ya yi, ya ce ga shi nan yadda yake a ƙuruciya. Ni ma na ji kaina ya yi girma.

Aka sa ranar gayya a wata gona kusa da gari, don yanzu ba a yin nisa, kowa ya san dalili. Muka ɗaure lasifika da batir a kan amalanke, aka zaunar da kawu a inuwa. Da farko abin ya yi armashi, samari suka sa garma suna ihu. Amma da suka kai ƙarshen kunya, inda za a ɗago a miƙe baya a juyo, ganga ba ta jira kowa ba. Wasu suka juyo da gudu, wasu suka tsaya, sahu ya watse. Kafin hantsi dattawa sun zube a gefe suna haki. Taubashina, wanda bai taɓa barin damar tsokanata ta wuce ba, ya zo ya kashe lasifikar, ya ce wannan gangar tawa ba ta da imani, in mayar wa Faransawan abinsu su yi noma da ita. Aka ƙarasa aikin shiru.

Da za mu tafi, kawu ya kira ni. Ya ce in goge abin, lokacin ganga ya wuce. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, kuma haushin kaina da na manhajar ya cika ni.

Ban goge ba. Sabon salon yana da wani hali da na tsana, ba ya taɓa yar da ainihin abin da aka ɗauka, sai ya ɓoye shi a ƙasa yana cin wuri. Na tono na asalin ina kallo, na matse allon don in ga kiɗan gaba ɗaya. A nan na lura sanyin nan ba barkatai yake zuwa ba. Tazara ɗaya ce tsakanin kowane da na gaba, tun daga farko har ƙarshe. Hannun da ya gaji ba ya yin haka.

Na sa kiɗan a waya, na toshe kunnuwa, na ɗauki garma na shiga gonar bayan gidanmu. Maƙwabta suka leƙo suna kallon mai kwamfuta yana huɗa, ban kula su ba. Da kiɗan ya yi sanyi sai na ji jikina da kansa yana son ya ɗago. Wurin juyawa ne. Ashe ranar da na ɗauki kiɗan, kawu yana zaune a ɗakina, amma hannunsa yana jiran manoma su juyo. Abu ɗaya ya rage: kunyar gonarmu takan ƙare tun kiɗan bai yi sanyi ba. Wadda yake bi ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba.

Na je Tsamaye na same shi a zaure. Da ƙyar ya yarda ya sa abin a kunne. Na ce masa, “Kawu, ku saurara, ba tsufa ba ne. Juyawa kuke ba su. Amma wace gona ce mai doguwar kunya haka?”

Ya rufe ido. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Aka kai wurin sanyin, ya ɗan ɗaga kai, aka wuce, ya sunkuyar. Ya daɗe a haka.

“Gandun babanmu na,” in ji shi. “Na bakin daji. Nan nik koyi kiɗa.”

Na san gonar. Shekaru ke nan ba wanda ya taka ta saboda ɓarayin daji, ciyawa ta cinye ta.

Daga nan aiki ya zama namu mu biyu. Manhajar tana bari a rage tsakiyar kiɗa ba tare da an taɓa wurin juyawa ba, sai da na sha wuya kafin na gano inda suka ɓoye wannan. Duk gonar da za a yi gayya, taubashina ya taka tsawon kunyarta ya faɗa mana, kawu ya saurara ya ce a rage nan, a ƙara can. Ya koyi kallon allon har yana yi mini gardama. Gayyar da ta biyo baya, samari suka kai ƙarshen kunya, ganga ta lafa, suka ɗago tare suka juyo tare. Wani dattijo ya ɗaga garma sama ya juya wajen inuwar da kawu yake zaune. Kawu ya kau da kai yana gyara hula.

Yanzu har daga wajen Isa da Bafarawa ana aiko mini, kowace gona da nata kiɗan. Sabuntawa kuma ba ta fasa zuwa ba, ni ma ban fasa mita ba. Rannan ina share tsofaffin abubuwa saboda wuri ya cika, kawu yana gefena, na zo kan na asalin, na tambaye shi ko in rage shi shi ma, tunda babu gonar da ya dace da ita.

Ya riƙe mini hannu. “Wanga bar shi yadda shike. Ranad da munka koma gandu, shi za a sa. In ƙafa ta ƙiya, ku ɗauke ni, za ni.”