Netta Ba Ta Zuwa Kallon Ƙwallo

Alick Mutch ya shekara arba'in yana feɗe kifi a bakin ruwan Aberdeen, amma in ka tambaye shi abin da ya yi a duniya, ba zai ambaci kifi ba. Ce maka zai yi yana birnin Gothenburg a 1983, ranar da kulob ɗinsu ya doke Real Madrid ya ɗauko kofin Turai. A jirgin ruwa ya je, ya sha amai, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf, ya dawo da murya a dishe. Matarsa Netta takan ce duk wanda ya ji bakin Alick zai rantse shi ya ci ƙwallo ta biyu.

Ita ba ta taɓa taka Pittodrie, filin kulob ɗin, ba. Matan unguwarsu ta Torry ba sa zuwa a zamaninta. Ranar Asabar miji ya naɗa jan ƙyalle a wuya ya fita, mata ta ɗora niƙaƙƙen nama da dankali ta jira shi.

Ya haura saba'in ciwon mantuwa ya kama shi. Ya fara da ɓatar da makulli, sai hanyar gida, sai sunan 'yarsu Shona. A hunturun bara ya koma gaishe da Netta da ladabi kamar baƙuwa. Amma 'yan wasan kulob ɗinsu da suka buga a Gothenburg, tsaf yake jero su, ba ya tsallake ko ɗaya. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke riguna masu ƙarni, a ce mai tsaron raga ya fi ta wurin zama a kansa. Likita ya ce babu magani, sai haƙuri, kamar dai haƙurin ne bai ishe ta ba.

Shona ce ta kawo shawarar a kai shi kallon wasa, wai ta ji filin yakan farkar da masu irin ciwon. Netta ba ta son komai sai ya dube ta sau ɗaya ya kira sunanta, don haka ta sa rigar sanyi ta bi shi.

Wattie, tsohon abokin aikinsa, yana ganinta a filin ya riƙe baki.

"Netta, ke ce a nan? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Matsa can, tsohon banza, ka tare mini wuri."

Ana busa usur Alick ya zama wani mutum. Ya rera waƙa, ya zagi alƙalin wasa da iyayensa, da aka tafi hutu ya ba ta rabin burodinsa mai nama, ya zuba mata labarin jirgin ruwa tun daga farko. Da suka ci ƙwallo ya damƙe hannunta. Ta matso ta ce masa ita ce fa.

Ya zare hannunsa a hankali, kunya ta rufe shi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, ina da mata. Netta ba ta zuwa kallon ƙwallo. Tana gida tana yi mini girki."

Ta ji zafi, amma ta ga 'yar kafa. Ashe a gida yake ajiye da ita. Ta roƙi Wattie ya tako da shi sannu a hankali in an tashi, ita kuwa ta fice ta tari tasi. Ta ɗora nama, ta fere dankali, ta ɗaura tsohon ƙyallenta na girki, ta gyara gashi kamar mai jiran saurayi.

Alick ya shigo ya shaƙi ƙamshin, fuskarsa ta washe. Ya wuce ta ya leƙa falo, ya hau sama yana kiran Netta, Netta. Tana amsawa daga gaban murhu, bai ko waiwayo ba. Can ya sauko, ya tsaya yana kallonta da tausayi, sannan ya jawo mata kujera.

"Ke ma ita kike nema? Zauna, ba ta daɗewa."

Netta ta rage wuta, ta zauna kusa da shi, suka jira.